Dabarar Sarkin Jamus da Dankalina

Kakana kukun wani Bajamushe ne a Togo tun kafin yaƙin duniya na farko, kuma har ya tsufa a unguwar Sabo ta Ibadan bai daina yabon sarakunan Jamus ba. Bayan la'asar yana ƙofar gida, goro a baki, yana jero mana su kamar dangin uwarsa. Ga mai jan gemu da kogi ya ci a hanyar yaƙi, ga wanda ya tsaya ba takalmi cikin ƙanƙara yana neman afuwar babban limamin Kirista, ga na ƙarshensu da ya rasa sarauta ya koma faskaren itace a ƙasar wasu. Amma gwaninsa wani tsamurarren sarki ne mai busa sarewa, wanda ya koya wa talakawansa cin dankali. Mu kuwa tsokanarsa muke: "Kaka, gado suka bar maka ne?" Sai ya ce mu tafi can, jahilan banza.

Ana tsakiyar yaƙin basasa na kwashe ɗan jarina kaf na sayo dankalin Turawa daga Jos. Sabon ango ne ni, kai na rawa. Kaya suka iso Ibadan, Yarabawa suka zo suka latsa, suka ce wace irin doya ce wannan da ta ƙi girma, suka wuce. Namu na Sabo ma ba su fi su ba. Ga zafi, buhunan ƙasa har sun fara tsattsafo da ruwa. In ya ruɓe na tashi a tutar babu, kuma wallahi na tsorata.

Kaka ya kira ni ya ce, "Kai, zauna. Mutanen sarkin nan ma da farko ƙi suka yi. Sai ya sa aka shuka a gonarsa, ya zuba sojoji gadi, amma ya ce su riƙa kau da kai. Talakawa suka ce abin da sarki ke tsarewa haka ba banza ba ne, suka dinga sata suna shukawa. Da wannan ya raba ƙasarsa da yunwa. Ka ga kai!"

Abin ya burge ni ƙwarai, har yau yana burge ni. Sarki mai dakaru, da zai iya sa bulala, amma ya gwammace a sace masa.

Na lulluɓe buhuna da tamfol, na ɗauko 'yan tauri biyu, na ce in wani ya ɗebi kaɗan su yi kamar ba su gani ba, in ya ɗanɗana zai dawo da kuɗinsa. Suka ce to. Ina! Ko akuya ba su bari ta shinshina ba. Wata Iya mai amala ta ɗaga gefen tamfol kawai, suka zare wuƙaƙe, ta zubar da ɗankwali, ta ruga sai unguwar Mokola. Da na yi faɗa, babbansu ya ce, "Haba maigida, kayan amana ne fa."

Lokacin yaƙi ne. Kafin ka ce me, gari ya ɗauka wai harsasai na ɓoye. Da hantsi sai ga motar soja, unguwa ta cika maƙil. Sajensu ya soka wuƙar bindiga a buhu, dankali ya gangaro har cikin kwata. Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya, ya shinshina. Ashe mutumin wajen Jos ne, rabonsa da gida tun da aka fara yaƙi. Nan take ya saye masu kyan don bariki. Jama'a na ganin soja na loda abu a mota, sai wawa. Har Iyar nan ta dawo da kwando, ta biya ba tayi.

Na ruga wurin Kaka ina haki, na ce dabarar sarkinsa ta kusa kai ni kurkuku.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Dabarar sarki lafiyarta ƙalau, ba ga shi ka sayar ba? Kai ne sakarai. Wa ya ce maka ana ba Bahaushe amana a ce ya kau da kai?"