Ƙarfen da Ya Faɗo Gonar Sabo

Gwadabe maƙeri ne a wani ƙauye kusa da Kafin Maiyaki. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnensa ɗaya ya yi nauyi saboda shekara arba'in yana dukan ƙarfe. Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa duwatsun Doguwa narkar da tama, kafin ƙarfen kanti ya kashe wannan aikin. Na san shi a 1956, da na dawo daga karatu a Ikko aka ba ni aikin malamin gona.

A daminar nan, wata Litinin da hantsi, sama fes, aka ji ƙara, wani abu ya faɗo tsakiyar gonar Sabo, taubashin Gwadabe. Baƙin dutse ne kamar kan akuya, har ya yi rami. Da aradu ce, da an zuba madara an wuce wurin yadda aka saba. To, ba hadari. Mutane suka ce ba mai taka gonar. Ga Sabo ya tsufa, ciyawa ta ci ƙarfin dawarsa, ya kira gayya ran Alhamis. In ba a yi noman nan ba, bana ba shi da abin kaiwa rumbu.

Gwadabe ya je da awartaki ya ɗauko dutsen. Da ya goga masa magagari, sai ga ƙarfe yana ƙyalli. Ya aika aka kira ni.

Na faɗa masa abin da masana suke zato. Da farko rana da duniya ƙura ce da hayaƙi suna juyawa a sarari. Da ikon Allah ƙurar ta yi ta mannewa, curi yana jan curi, har suka zama duniyoyi. Zafi ya narkar da su, ƙarfe ya nutse ciki, dutse ya taso sama. Wasu gutsattsarin ba su samu shiga ba, suna can suna yawo, wani lokaci ɗaya ya faɗo.

Gwadabe ya ce haka tama take yi a wuta, ƙarfe ya dunƙule, kashin, wato dattin, ya ware.

"Ashe ɓarɓashin ƙira ne, Malam. Kowace maƙera tana da shi."

Sabo, da ke tsugune can nesa da dutsen, ya roƙe shi ya kai abin rafi ya jefar.

"Matsoraci," in ji Gwadabe. "An aiko maka ƙarfe kyauta har gona, kana kuka. Taso ka yi mini zuga."

Kwana biyu suka yi a kai. Ƙarfen ya yi gardama, sau biyu yana tsagewa. Da ƙyar aka fitar da 'yar ƙaramar fartanya mai karkataccen baki.

Ran Alhamis Gwadabe ya shiga gonar shi kaɗai, ya fara noma daga bakin ramin. Mutane suka taru a kan iyaka suna kallo. Da ya kai ƙarshen kunya bai faɗi ba, Habu mai kiɗan gayya ya ce a ba shi fartanyar ya ji nauyinta. Gwadabe ya ce duk mai son taɓawa sai ya shigo ya yi kunya guda da ita.

Habu ya shiga. Wanda ya karɓa bayansa kunya uku ya yi, sai da aka ƙwace. Masu jiran layi suka ga tsayuwa ba ta da amfani, suka sunkuya da nasu fartanyun. Kafin la'asar an gama gonar, Sabo yana bin mutane da ƙwaryar fura yana cewa ai shi ya yi zugar.