Shayin Turmin Barkono

A fadarmu ta samari, bayan kasuwar Diffa, ni ne sarkin shayi, ko da yake ni na naɗa kaina. Ina ɗaga buta sama har ta kusa gaisawa da shirwa, kumfa ta cika kofi. Koren ganye, jan ganye, mai na'ana'a, mai citta da kanumfari, duk na iya. Sukari kuwa ina zubawa har ƙudajen garin Cetimari su ji labari.

Amma a gida yayana ke dafa wa baƙin Baba. Na daɗe ina naci a ba ni butar, ana cewa ban isa ba.

Ranar da kawun Baba ya zo daga Maine-Soroa da buhun dabino, yayana yana gonar tattasai a bakin kogin Komadugu. Baba ya dube ni, ya dubi buta, ya ce to. Ya gaya mini likita ya hana tsohon sukari, dabino yake sawa a kumatu ya kurɓi shayinsa a kai.

Ni sai na ga wannan ƙauyanci ne. Na ƙudura in nuna masa aikin birni: in daka dabinon, in narkar da shi cikin buta. Na shiga cikin gida na sami ƙaramin turmi a kife, na daka dabinon a ciki, ban tambayi Inna ba. Ashe na barkono ne. Lokacin shanyar tattasai ne kuma, gidan duk ya ɗauki yaji, har akuyarmu atishawa take, hancina bai faɗa mini komai ba. Mai shayi yakan ɗanɗana kafin ya miƙa, amma ni na sha gaya wa abokaina cewa wannan aikin 'yan koyo ne.

Tsohon ya yi bismilla, ya kurɓa. Hawaye ya gangaro cikin gemunsa. Baba ya zaci zancen wata rasuwa da suke yi ne ya taɓa shi, ya shiga ba shi haƙuri. Tsohon ya shanye tas, ya sa mini albarka. Sai Baba ya kurɓi nasa. Tarin da ya yi, na rantse an ji shi a ƙetaren kogi.

Na rasa inda zan sa kaina. Baba ya miƙo hannu zai ƙwace butar, tsohon ya tare shi.

"Bar yaro ya gama. Shayi uku ne, ba a tashi a na fari."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na wanke buta, na sa sabon ganye, ko kumfa babu. Ya sha na biyu da na uku da dabinonsa a kumatu, leɓe a kumbure, yana tambayata yaya karatu a lakwal.

Da ya tafi Baba bai dake ni ba, bai ma yi faɗa ba. Ya ce da Inna a kai butar ɗakinsa sai yayana ya dawo. Inna tana bayan zana, dariya ta hana ta amsawa.