Kafaɗar da Ta Ɗauki Makara

Shekarar Malam Harisu sittin da ɗaya, kuma magini ne, ɗaya daga cikin ƴan kaɗan da suka rage a garin Daura masu iya rufin soro na ɗaurin guga da ƙasa da azara. Matarsa ɗaya, Maiturare, ƴaƴansa mata uku duk suna ɗakin mazajensu. Tun kafin daminar bara bai sake hawa gini ba. Hannunsa na dama yana rataye a gefensa, kuma likita a Kano ya gaya masa cewa in bai yarda an sake buɗe kafaɗar ba, zai iya rasa hannun ɗungurungum.

Ba gadon gini ya yi ba. Daga wani ƙauye na ƙasar Zango ya shigo Daura yana saurayi, ya sami wani tsohon magini da ake kira Baba Jafaru yana neman mai kwaɓa ƙasa. Baba Jafaru ya ba shi ɗaki a zaurensa, ya koya masa murza tubali da jifa da shi sama, ya koya masa jera azara da yaɓen makuba, daga baya kuma shi ya nema masa auren Maiturare. Ko da bulo da siminti suka cinye gari, masu tsofaffin soraye ba su daina aikowa ba, domin kowace shekara sai an bi rufi an toshe tsaga kafin ruwa ya sauka.

A irin wannan aiki ya faɗo. Yana gyaran indararo a saman wani soro da ke kusa da rijiyar Kusugu, ya dafa zanko don ya miƙe, zankon ya ɓantare a hannunsa. Da kafaɗar dama ya sauka. Hoton da aka ɗauka a Daura ya nuna kan ƙashin damtsen ya farfashe yadda ba ya ɗoruwa, aka tura shi Kano. Surukansa da ƴan'uwa suka haɗa hannu aka yi aikin.

Abin da aka yi masa shi ne, an kwashe kan ƙashin da ya dagargaje, aka sa ƙarfe mai kai kamar rabin ƙwallo a madadinsa, aka zura ƙotar ƙarfen cikin ƙashin damtse, sannan aka ɗinke tsokoki da jijiyoyin kafaɗa a kewayensa. Maiturare tana nan lokacin da likitan ya yi bayani, kuma ta riƙe maganar.

"Baba, ƙarfen nan ba ya warkewa, naman da ke riƙe da shi ne ke warkewa," in ji likitan. "Ciwo zai tafi. Za ka ci tuwo da hannunka, za ka yi alwala, za ka gaisa da mutane. Amma sai ka bar hannun a maratayi, kuma kada ka ɗauki abin da ya fi kofin shayi nauyi har sai na ce."

"Tubali fa, likita?"

"Jifa da tubali kam ya wuce. Ka tsaya a ƙasa ka riƙa nuna wa wasu."

Harisu bai ji daɗin wannan ba, amma makonnin farko sun yi kyau. Ɗinkin ya kame. Yana barci. Yana iya kai loma baki in ya bi a hankali. Taubashinsa Sada, dillalin awaki, kullum sai ya leƙo ya tsokane shi.

"Ina mai kafaɗar Bature? Ka dai daina zama a ƙofar gida, kada ƴan jari-bola su ji labari su ɗora ka a sikeli."

"Ko an auna ni na fi ka daraja," in ji Harisu. "Kai in an kai ka kara wajen dabbobi, igiyar wuyanka kawai za a taya."

Ana cikin haka Baba Jafaru ya rasu. Tsufa ne, ba wani dogon ciwo. Da safe aka aiko, Harisu ya sa babbar riga. Maratayin hannun ya tokare rigar ta ƙi zama, sai ya cire shi ya ajiye a kan tabarma.

"Malam, abin hannun fa?" in ji Maiturare.

"In je jana'izar Baba da igiya a wuya kamar tunkiya? Yanzu zan dawo."

"Likita ya ce..."

"Likita bai san Baba Jafaru ba."

Duk wanda ya taɓa raka gawa a Daura ya san yadda ake ɗaukar makara. A kafaɗa ake ɗauka, ana sauri, kuma ba a barin mutum ɗaya ya daɗe. Wani zai matso ya sa kafaɗa, na wurin ya zame, ba tare da an tsaya ba, kowa yana neman ladansa. Mutumin da mamacin ya riƙa kamar ɗa ba ya tafiya a baya hannu sake har maƙabarta. Harisu ya ce niyyarsa ya karɓa da kafaɗar hagu, ɗan taƙi kaɗan, ya saki. Amma gurbin da ya buɗe a gabansa na ɓangaren dama ne, kuma wani dattijo ya dafa bayansa ya ce, "Harisu, karɓi ubanka." Rigar ta rufe komai. Mafi yawan mutanen ba su san abin da ke ƙarƙashinta ba, waɗanda suka sani kuma sun ga babu maratayi sun ɗauka ya warke.

Ya karɓa. A daidai inda hanya ta gangara wani kwari, nauyin makarar ya zubo kan kusurwarsa. Ya ce ya ji ƙas a cikin kafaɗar, sannan wani zafi ya bi damtsen har yatsu. Bai saki ba, domin ba a sakin gawa. Ya ci gaba da takawa har wani ya karɓe shi. A bakin kabari, inda aka saba magini ke shiga ya jera itace ya toshe da ƙasa, aka waiwaya ana nemansa, aka gan shi tsugune a gindin wata bishiyar bedi, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Aka ɗauka kuka yake.

Ya dawo gida ya mayar da maratayin, ya ɓoye abin da ya faru. Ranar komawa asibiti ta zo, ya ce sai an yi addu'ar bakwai. Bayan bakwai ya ce sai arba'in. Maiturare ta ce ta san akwai matsala tun ranar da ta ga ya juya mata baya yana cin abinci da hagu.

Kafaɗar ta kumbura ta yi suntum. Sada, wanda shi kaɗai aka gaya wa gaskiya, ya ɗauke shi a babur zuwa wajen wani maɗori a ƙasar Zango. Maɗorin ya shafa wurin ya janye hannunsa, ya ce shi ƙashi yake ɗorawa, bai san ɗorin ƙarfe ba, su koma inda aka sa. Ba su koma ba. A hanyar dawowa Sada ya ce ai kumburi mataccen jini ne, kuma mataccen jini ƙaho ke fitar da shi. Harisu ya saba yin ƙaho duk shekara bayan aikin rufi, yana jin daɗin jikinsa. Aka kira wanzami, ya yi tsaga a kan kumburin, dab da tabon aiki, ya kafa ƙaho.

Kumburin ya ɗan sauka, suka yi murna. Ba a jima ba zazzaɓi ya zo. Ɗaya daga cikin tsagogin ta ƙi rufewa, ta zama ƴar ƙofa tana fitar da ruwa, daga baya mugunya. A nan Maiturare ta daina tambaya, ta aika wa surukai, aka sa shi a mota sai Kano.

Likitan ya ɗaga sabon hoton ya daɗe yana kallo. Ƙarfen ya goce daga mazauninsa, jijiyoyin da aka ɗinke sun tsinke, ƙwayoyin cuta kuma sun bi ta tsagar sun kama jikin ƙarfen, har ƙotar ta fara sassautawa a cikin ƙashi.

"Baba, me ka ɗauka?"

"Ubana."

Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce magani ba ya kashe cutar da ta manne wa ƙarfe, domin ƙarfe ba shi da jinin da zai kai maganin. Dole a buɗe, a cire shi, a kankare wurin, a cika gurbin da wani siminti mai magani, a yi ta allura na tsawon lokaci. In cutar ta mutu kuma ƙashin da ya rage yana da ƙwari, wataƙila a sa wani ƙarfen. In babu ƙwari, haka za a bar shi: yatsu za su yi aiki, gwiwar hannu za ta lanƙwasa, amma kafaɗa ba za ta ƙara ɗaga hannun ba.

"Wataƙila ka ce?"

"Wataƙila, Baba. Ba zan yi maka alkawarin abin da ban gani ba."

"In na ƙi fa?"

"Cutar za ta ci ƙashin tana gangarowa. Wata rana maganar yanke hannu za mu yi, in ba ta riga ta shiga jini ba."

Harisu ya ce a ba shi ƙwayoyi zai je ya yi shawara. Shawarar ta ɗauki watanni. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, muddin ƙarfen yana ciki, yana ganin akwai kafaɗa. In an cire, me ya rage? Ya sha ƙwayoyin, ƙofar ta rufe, ya ce ga shi nan ya warke. Ƙwayoyin suka ƙare, ta sake buɗewa a wani wuri ƙasa da na farko.

Ya daina fita ciyayya, inda mazan lungun ke haɗa kwanonin tuwonsu a ƙofar gida bayan magariba, domin hannun dama ba ya kaiwa baki, kuma ya ce ba zai zura hagu a kwanon mutane ba. A masallaci ya koma ƙarshen sahu, kusa da taga, saboda wari. Kabbara da hannu ɗaya yake ɗagawa. Masu soraye suka zo neman yaɓe, suka gan shi, suka yi masa sannu suka tafi neman kwanon rufi. Rigunansa suka yi masa yawa. Maiturare tana wanke tsumman ɗauri safe da yamma, tana shanya su a bayan rumbu inda baƙi ba za su gani ba.

Wata safiya ta same shi a gindin katangar gidan, inda ruwa ya zaizaye. Ya kwaɓa ƙasa da ƙafa, ya murza tubali guda da hagu, ya ɗora shi a tafin dama. Yatsun suka riƙe shi gam. Ya yunƙura, wuyansa ya karkace, jijiyoyin goshinsa suka tashi, hannun bai motsa daga cinyarsa ba. Ya sake gwadawa. Tubalin ya faɗi a kan ƙafarsa, jini da mugunya suka keto ta rigar.

Maiturare ba mai ɗaga murya ba ce, amma ran nan maƙwabta sun ji ta.

"Malam, ka kai Baba Jafaru, Allah ya ba ka lada. Yanzu so kake ka bi shi? Wanki zan yi, ban gaji ba. Amma ka duba ni da kyau, takaba ce ba na so."

Sada ya shigo ana cikin haka. Tun ranar ƙaho bai ƙara kiransa mai kafaɗar Bature ba. Ya tsaya yana kallon tubalin da ya fashe.

"Ni na kawo wanzamin nan," ya ce, "to ni zan kai ka Kano. Kuma ka sani, in ka mutu ba zan ɗauke ka ba. Na ga abin da makara ke yi wa mutane."

Harisu ya yi dariya, irin wadda ke ƙarewa da tari. Sannan ya tambayi Maiturare, ba tare da ya dube ta ba, ko ta tabbata likita ya ce yatsun za su rage. Ta ce da kunnenta ta ji. Ya buɗe tafin ya rufe, ya sake buɗewa.

Da magaribar ranar ya ce a fitar masa da kwanonsa waje. Mazan suka matsa suka ba shi wuri. Ya zauna, ya ɗauki hannun dama da na hagu ya aza gwiwar a kan cinyarsa, ya gutsuri tuwo da yatsun, ya sunkuyar da kai har bakinsa ya sami lomar. Miya ta zuba masa a riga. Ya ci kaɗan, zazzaɓi ya hana shi ƙarawa.

Da aka kira likitan a waya, ya ce ba zai san yawan ƙashin da ya rage ba sai ya buɗe, kuma watannin da aka ɓata ba su taimaka ba. Maiturare ta ɗaure kayan jinya a zani, ta sa har da tsummokaran da ta wanke.

Ranar Litinin da ta wuce su uku suka je tashar motar Kano. Harisu ya roƙi a ba shi gefen da babu mai jingina da kafaɗarsa. Direban, wanda ya san shi tun yana gyara soron gidansu, ya miƙo hannu yana cewa, "Baba Magini, ina zuwa haka?"

Harisu ya kama wuyan hannunsa na dama da na hagu, ya ɗaga shi, ya sa a tafin direban.

"Za ni a cire mini ƙarfe," ya ce, ya sunkuya ya shiga mota.