Baba Mahama da kundin da bai gani ba

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Sokodé ya san Baba Mahama, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai tabarau ɗaure da zare, wanda ke zama kan benci kusa da mai shayi yana karanta wa mutane takardun Faransanci. Takardar asibiti, sammacin kotu, sakamakon jarrabawar yara, duk shi ake kawo wa. Da na dawo daga karatu a Rabat na tarar an canza abubuwa da yawa a tashar, amma bencin yana nan inda na bar shi.

A Dapaong aka haife shi. Mahaifinsa bafataken shanu ne, ya sa shi makarantar boko don kawai a samu mai karanta takardun kwastan a gidan. Aji shida ya yi ya fita. Tun daga nan yake da al'ada guda: ba ya karɓar takarda daga hannun mai ita. Kai za ka riƙe abarka, shi ya ɗora yatsa kan layi yana bi, yana juya maka da Hausa, ko da yaren Tem in shi ka fi ji. In ka tambaye shi abin da ba ya cikin takardar, sai ya ce, "Ban gani ba."

Wannan amsar ce ta kusa watsa masa jama'a a 2024, lokacin da rediyo ya ce 'yan majalisa a Lomé sun amince da sabon kundin tsarin mulki. Issifou mahauci ne ya fara zuwa.

"Baba, me aka rubuta a ciki?"

"Ban gani ba."

"Kai da ke karanta komai?"

"Komai da aka kawo mini. Kai ka gani?"

"Ina zan gani, ina cikin tumbi da hanji tun asuba?"

A ƙetaren titi kuwa akwai Latif mai aski da babbar wayarsa. Kullum yana da sabon sashe na kundin. Yau ya ce za a hana yanka a gida, gobe ya ce za a mai da babban birni garin Kara. Mutane suka koma can, har mai shayi ya ja teburinsa ya bi su. Abin da ya fi ci wa Baba Mahama rai shi ne ranar da ya hango wata tsohuwa, wadda ya shekara ashirin yana karanta mata takardu, ta miƙa wa Latif takardar maganinta.

Na ce masa, "Baba, ko abin da rediyo ya faɗa ka maimaita musu mana."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗan nan, kawo mini rediyon in ɗora masa yatsa."

A ranar ya ba ni labarin 1992. Ya ce wancan karon yana Dapaong, an kawo musu kundin tsarin mulkin wancan lokacin kafin ƙuri'ar raba gardama, ya kwana uku yana karanta wa fatake a gindin darbejiya. Wasu sun yi gyangyaɗi, in ji shi, amma ba wanda zai ce ba a karanta masa ba.

Yana da 'ya a Dapaong, Hanifa, tana aiki a shagon buga takardu. Kowace Juma'a sai ya kira ta: "Ya fito?" Ta ce, "Baba, tukuna." Aka yi makonni a haka. Ran nan sai ga Mudathir direba ya sauko daga motar Dapaong da zabi biyu a hannu ɗaya, da kundi a ɗaya hannun. Hanifa ta samu rubutun da gwamnati ta fitar, ta buga shi da manyan baƙaƙe saboda idon tsohon. Zabin sun ɗan tsattsagi gefen bangon a hanya.

Baba Mahama bai miƙa hannu ba.

"Wa zai riƙe?"

"Naka ne fa, Baba," in ji Mudathir.

"Zabin ne nawa. Wannan na kowa ne."

Issifou ya wanke hannu sau uku da sabulu ya riƙe shafin farko. Daga nan aka riƙa karɓa-karɓa: mai goro, mai sai da tikiti, tsohuwar nan mai takardar magani. Kwana huɗu ana yi tsakanin azahar da la'asar. Da aka kai inda aka ce 'yan majalisa ne za su zaɓi shugaban ƙasa, gardama ta tashi, ya bar yatsansa a kan layin har suka gaji suka yi shiru.

A rana ta uku Latif ya ƙetaro, almakashi a aljihu. Issifou ya ɗaga murya.

"Baba, ina wajen hana yanka a gida? Malam Latif na son ji."

Dattijon ya juya shafi, ya sake juyawa, a hankali ƙwarai.

"Ban gani ba."

Tasha ta ɗauki dariya, har da Latif ɗin. "Kai dai mahauci, zo aski gobe ka gani," ya ce, sannan ya karɓi kundin ya riƙe har aka tashi.

Da aka kai shafin ƙarshe, Issifou ya sosa kai. "To Baba, me ya hana a karanta mana tun kafin a amince?"

Baba Mahama ya duba bayan shafin, ya nuna masa fari fat. Kowa ya san amsar: bai gani ba.

Mai shayi ya dawo da teburinsa a ranar. Tsohuwar kuwa tana gefe tun ɗazu, takardar magani a hannu.

"Matso, Inna," in ji shi. "Riƙe da kyau."