Rigar Babana a Ƙarƙashin Kwat

Edita, ina gaisuwa. Shekarun baya, kafin tumbi ya fito mini, ni saurayi ne mai ɗan shago a Makera, inda nake tura wa mutane finafinai a waya. Mu mutanen kudancin Kaduna ne, amma a nan aka haife ni. Babana ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, bai daɗe ba ya rasu, ya bar ni da Mama. Sana'ar nan tawa ta ɗan juya mini kai, domin duk fim ɗin da zan tura sai na kalla, kuma waɗanda suka fi shiga raina su ne na Turawa, irin waɗanda ƙanƙara ke zuba, jarumi na tafe cikin doguwar kwat, ya ɗaga kwala, hannu a aljihu. Da sanyin Disamba ya shigo, sai in tsaya a ƙofar shago da sassafe ina hura iska, in ga ko nawa bakin zai yi hayaƙi irin nasu. Wani lokaci yakan yi, kuma ranar ba mai iya magana da ni.

A lokacin ina neman wata yarinya a Narayi, tela ce, tana waƙa a cocinmu. Babanta shi ma tsohon ma'aikacin masaƙa ne, mutum ne da ba a cika ganin haƙoransa ba, kuma ya riga ya kori samari biyu kafin ni. Ni ma ya ce tura fim ba sana'a ba ce, zaman banza ne da aka yi wa rufin kwano. Da ta gaya masa babana ɗan masaƙa ne, sai ya ce rabin mutanen Kakuri haka suke cewa. Ta yi ta roƙo har ya yarda dangina su zo ƙwanƙwasa ƙofa, wato gaisuwar neman aure, wata Asabar, sau ɗaya tak. Ita kuma ta faɗa mini ƙarara cewa tana sona, amma ba za ta auri wanda babanta bai sa wa albarka ba.

Sai na shirya. Na shiga kasuwa wajen masu gwanjo na samo kwat baƙa, doguwa har ƙwauri, mai gashi a ciki, nauyinta ya kai na ɗan akuya. Mai gwanjon ya ce ko a ƙasarsu sai sanyi ya kai inda ya kai ake sa ta, ni kuma na ɗauki wannan a matsayin yabo. Na haɗa da safar hannu, na ɓoye su duka a shago.

Da safiyar ranar, Mama ta buɗe tsohon akwatinta ta fito da rigar babana, tana warin kafur. Rigar atamfa ce, kore da ruwan ɗorawa, kwalarta faɗi kamar kunnen tunkiya, da zanen kifaye a jiki. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne kifayen, domin idon kowanne bai zauna a kansa ba, can kusa da wutsiya ya sauka. Ina yaro babana kan sa ta kowace Kirsimeti, yana tafe yana taƙama, ni kuma in ja baya don kada abokaina su gan mu tare. Mama ta ce tunda ba ya nan ya raka ni, rigarsa ta raka ni. Ban iya musa mata ba. Na sa, ta gyara mini kwala, idonta ya ciko. Ina shan kwana na faɗa shago na zuba kwat a kai, na ɓalle maɓallai har wuya, na ji ni cikakken jarumi. Kawuna, wanda zai yi magana a madadinmu, ya dube ni sama da ƙasa ya tambaya ko jirgi za mu hau. Na ce masa gayu ne.

Mun isa Narayi da hantsi, sanyi na yanka kunne. Saboda sanyin, a tsakar gida suka jera kujeru inda rana ke bugawa, ni kuma aka ba ni 'yar kujera a tsakiya, a gaban dattawa. Da farko ni ne sarki. Kowa na takure cikin suwaita, ni kuwa na miƙe ƙafa. Sai aka ce a jira wani wan babanta da ke tahowa daga ƙauye, ba za a fara ba sai ya iso. Duk ɗan Kaduna ya san sanyinmu na safe ne, rana na ɗagawa ya tattara nasa ya nasa. Finafinai ne suka mantar da ni. Ƙarfe goma sha ɗaya dattawa suka cire suwaita, suka ja kujerunsu ƙarƙashin mangwaro ɗaya bayan ɗaya. Ni ba a ce in tashi ba, kuma mai neman aure ba ya tashi da kansa.

Zufa ta fara bin bayana, ta gangara har cikin takalmi. Mamar yarinyar ta leƙo ta ce ɗana, cire kwat ɗin mana ka sha iska. Na ce ai ni mai jin sanyi ne, Mama. Jin haka sai tausayi ya kama baiwar Allah, ta koma ta kawo mini faten acca mai zafi, ya sha barkono, ta ce shi ne maganin sanyi, ta tsaya a kaina sai na shanye. Ta ƙara mini. Yarinyar na leƙena ta taga tana yi mini alama da hannu in cire, ni kuma ina ɗaga mata safar hannu ina murmushi. Babanta kuwa ya kafe kwat ɗin da ido. Daga baya na ji cewa a duniya ba abin da ya tsana kamar kayan gwanjo, domin a ganinsa su suka raba shi da aikinsa.

Da wan baban nata ya iso, rana ta take tsaka. Aka ce a miƙe a buɗe da addu'a, kuma dattijon da aka ba addu'ar ba mai gaggawa ba ne. Ya yi wa gidan, ya yi wa gari, ya yi wa ƙasa, ya shiga matafiya da marasa lafiya. Ina jin ya kai kan marasa lafiya ne na shiga sahunsu. Abin da na iya tunawa shi ne ƙarar kwalaben lemon da muka kawo, lokacin da na kife a kansu.

Na farfaɗo a kan tabarma a inuwa, jikina sharkaf da ruwan da aka kwara mini, kwat na can yashe a gefe, kifayen babana duk a fili. Na yi fatan in sake suma. Sai na ga baban yarinyar tsugune a gabana, ya sa tabarau, yana murza bakin rigar da yatsunsa. Ya tambayi inda na samo ta. Na faɗa masa. Ya tambayi sunan babana, na faɗa, ya ce ko shi ne dogon nan na sashen rini, wanda hannunsa kullum shuɗi. Kawu ya ce shi ne. Sai baban yarinyar ya juya ya shaida wa jama'a cewa shi ne ya ɓata wannan atamfa. Shi ke kan injin buga zane ranar, ya kuskure saiti, idon kifaye ya bar kansu, yadi mai yawa ya lalace, har an rubuta takardar korarsa. Ma'aikatan da suke aiki tare su suka je suka roƙa cewa a ba su lalataccen a madadin atamfar da ake raba musu ta Kirsimeti, a bar shi da aikinsa. Ya ce ba a taɓa sayar da ko yadi ɗaya a kasuwa ba, duk wanda ka gani da ita, yana cikin waɗanda suka rufa masa asiri.

Na fara murna a raina cewa aure ya tabbata. Ashe da saura. Ya miƙe ya nuna kwat da ƙafa, ya ce wato wannan rigar nake ɓoyewa a ƙarƙashin tsumman wani Bature da ban san ko yana raye ba. Ya ce yau ba zai ba da amsa ba. In dawo Asabar mai zuwa, ƙarfe bakwai na safe, da rigar ita kaɗai.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Mama ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi rigar ta wanke, ta goge, tana ninkewa ta ce mini ai ta biyo bayana har kwana, ta ga fitowata daga shago, kuma ta tuna yadda nake ja baya in muna tafiya da babana. Ta ce shi ma ya sani, bai taɓa faɗa ba ne. Faɗuwata a gaban surukai ba ta yi mini ciwo kamar wannan maganar ba.

Asabar ɗin da na koma, ban taɓa jin sanyi irin nata ba. Tsohon ya zaunar da ni a inuwar mangwaro, shi yana cikin suwaita biyu da hula, ya yi ta ba ni labarin masaƙa har awa guda, haƙorana na kaɗawa. Sai da ya ga leɓena ya bushe sannan ya ce ya ba ni. Ranar na fara ganin haƙoransa.

Yanzu 'ya'yanmu uku, kwat kuwa karyar gidanmu ce ke haihuwa a kanta. Ina roƙon matasa masu kallon fim irina, ku kalla ku more, amma ku tuna ƙanƙarar can ba a garinku take zuba ba. Kuma in kun ga iyayenku na ji da wani tsohon abu da ke ba ku kunya, ku tambaye su labarinsa tun suna nan. Ni ban tambaya ba, sai a bakin wani na ji ko wane ne babana. Kowace Kirsimeti ni ke sa rigar yanzu, kuma ko maɓallan sun daina haɗuwa a kan tumbi, ba na ɗora komai a kanta.