Mai Motsa Baki a Layin Baya

Halina, in zan faɗi gaskiya, shi ne karanta zuciyar mutane ba da izininsu ba. Ina cikin mawaƙan cocinmu a unguwar Sarkin Dawaki, a Jalingo. Wata Lahadi na ja murya sama, sai na hangi wasu matan ƙungiyar zumuntar coci suna dariya. Nan take na yanke hukunci: da ni suke, kuma duk Jalingo ta san muryata ta bunsuru ce.

Daga ranar na daina waƙa, sai motsa baki kamar kifi. Abinci ya daina shiga, na daina gaida matan nan, har na shirya barin ƙungiyar da na girma a cikinta. Matata ce ta ja ni asibiti, wurin wata likita mai kula da masu damuwa.

Na zaci allura za ta yi mini. Sai tambayoyi.

"Baba, ka ji sun ambaci sunanka?"

"A'a."

"To me ka gani?"

"Haƙora."

"Haƙora ka gani. Sauran kai ka ƙara da kanka."

Ta ce tunani ne ke jawo abin da mutum yake ji, abin da yake ji kuma ya tura shi ga abin da zai aikata, don haka tunanin za mu riƙa gwadawa. Muka yi ta haɗuwa mako-mako. Daga baya ta ba ni aikin gida: in buɗe murya, in kalli fuskoki, sannan in tambayi mutum ɗaya ra'ayinsa.

Ranar Lahadi na yi hakan a coci. Ba wanda ya waiwayo. Wani dattijo ma gyangyaɗi yake. Da aka tashi na tare shugaban mawaƙa.

"Malam, tsakani da Allah, yaya muryata?"

"Ba daɗi," in ji shi, ko jinkiri babu. "Tun kana saurayi haka take. Amma kai kaɗai ne ba ka manta baiti. Tun da ka yi shiru, layin baya kullum a baiti na uku suke ɓacewa."

Na kai wa likita labari: abin da nake tsoro gaskiya ne, kuma ga ni da raina. Ta yi dariya, na ga haƙoranta, ban ƙara komai ba. Da yamma na tafi gwajin waƙa, na ja wa layin baya baiti har ƙarshe.