Muryar da Ta Kira Baba a Gona

Labari ɗaya tak Baba yake da shi, kuma duk wanda ya taɓa zama a ƙaramar majami'ar ƙauyenmu, can bayan Fassi, ya haddace shi. Yana saurayi, lokacin gidanmu ba coci ba masallaci, sai tsafin kakanni da tukunyar giya, aradu ta faɗo kan ɗorawar da ke gonarsu. Ya zube, jikinsa ya mutu, idonsa ya daina gani. Sai ya ji an kira shi da sunan da mahaifiyarsa kaɗai take kiransa da shi, ita kuwa ta daɗe da rasuwa. Muryar ta ce masa ya tashi, ya kuwa tashi. Kafin kaka ya nemi mai bishara, ya bar giya, aka yi masa baftisma.

Duk ranar da fasto ya ce a ba da shaida, mu yara sai mu fara zungurin juna, don mun san wanda zai miƙe. Nakan riƙa motsa baki ina bin sa kalma da kalma, sai Inna ta mintsine ni.

Ni dai ban taɓa jin komai ba. Na girma, na zama malamar firamare a Rano, ina hayar ɗaki a gidan da ni kaɗai ce Kirista. Maƙwabtana mutanen kirki ne, ranar salla har sai na rasa inda zan ajiye kwanuka. Amma da an kira magariba kowa ya ɗauki buta, sai in zauna da Littafi Mai Tsarki a cinya, in kasa kunne, ba abin da nake ji sai ƙarar babura a titi. Wata abokiyar aikina ta taɓa tambayata, ba da faɗa ba, me ya tabbatar mini da addinina. Na kwashe labarin Baba na ba ta. Ta ce ai kakanta ma mafarki ya yi ya musulunta, to na wa za a ɗauka? Na ji haushi ƙwarai. Bangaskiyata ta aro ce, kamar zanen zuwa biki, kuma mai zanen ya tsufa.

Bayan rasuwar Baba sai tsoro ya kama ni. In labarin nan ba gaskiya ba ne, ban san a kan me nake tsaye ba. Mutum ɗaya ya rage da yake gonar a ranar, wato Baffa, ƙanen Baba. Shi ya musulunta daga baya, ya koma Kibiya da zama. Sun riƙe zumunci har ƙarshe, amma ban taɓa jin sun yi zancen addini ba. Wata Asabar na hau acaɓa na tafi wurinsa.

Na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, ya tsokane ni cewa albashin gwamnati ya hana ni ƙiba. Sannan na tambaye shi ko shi ma ya ji muryar. Ya ajiye gyaɗar da ke hannunsa.

"Ni ne na kira shi, 'yata."

Ya ce yana kwance a bayan kunyar gona, ya hango yayansa kamar gawa. Sunansa na yanka ya ɓace masa sarai, sai na uwarsu ne ya fito. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa duk shekarun nan. Ya ce ya yi niyya, sai ya ga mutumin da kullum ake ɗauko shi daga gidan giya ya koma gona, ya yi aure, ya riƙe iyali, shi ya sa ya ja bakinsa.

"Ke nan ba Ubangiji ba ne, Baffa."

"Ban ce miki ba. Harshena ma a lokacin ya mutu, ko da na san salati ba zan iya ba. Bakina ne dai ya buɗe. Wanda ya buɗe shi, wannan ya fi ƙarfin sanina."

Ban ji sauƙi ba. Na zo neman i ko a'a, ga shi zan koma da abin da ba zan iya gaya wa Inna ba, balle fasto, balle abokiyar aikina. Ban taɓa jin kaɗaici irin na zaman nan ba. Ya ƙulla mini gyaɗa a leda, na yi masa sallama a daddafe.

Na kusa kai wa bakin titi sai na ji an kira ni da sunan da Baba kaɗai yake kirana da shi. Na juya tun kafin in yi tunani. Baffa ne tsaye a ƙofar zaure, yana ɗaga ledar da na manta.

Na san sarai wanda ya kira ni. Duk da haka kuka na yi ta yi a bayan ɗan acaɓa har muka shiga Rano.